Zango da Dawaki a Dajin Arsalanbob

Ni mutum ne da ya tashi a gidan da ake ɗaure doki. Tun ban isa hawa ba nake yankan ciyawa ina share barga, da na girma kuwa na yi hawan salla ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a cikin ayarin hakiminmu. Saboda haka sa'ad da wani abokina Ba'uzbeke, wanda muka yi zaman karatu tare a Alƙahira shekarun baya, ya aiko mini da cewa in Allah ya kawo ni ƙasarsu zai kai ni tafiyar kwana huɗu bisa doki cikin duwatsu, ban ɗauki abin da wani nauyi ba. Na ce a raina, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, ga yadda ta kaya.

Ƙasar ita ce Kirgizistan, a tsakiyar nahiyar Asiya. Tana iyaka da Sin ta gabas, da Kazakistan ta arewa, da Uzbekistan ta yamma, da Tajikistan ta kudu. Akasarin mutanenta Musulmi ne, kuma tana cikin Tarayyar Sobiyet har zuwa shekarar 1991 da ta sami mulkin kanta. Kusan dukan ƙasar duwatsu ne, irin waɗanda dusar ƙanƙara ba ta barin kawunansu ko da bazara. Na sauka a Osh, birni na biyu a ƙasar, wanda yake bakin kwarin Fargana. A tsakiyar birnin akwai wani dutse mai kawuna biyar da suke kira Sulaiman-Too, suna danganta shi da Annabi Sulaimanu, alaihis salamu, ko da yake babu hujjar da ta tabbatar ya taɓa taka wurin. A kansa ne Babur, wanda daga baya ya kafa daular Mugal a Indiya, ya gina wani ɗan ɗaki a shekarar 902 ta Hijira.

Daga Osh muka ɗauki mota muka yi arewa. Bayan tafiyar kamar awa guda muka tsaya a Uzgen, inda har yanzu akwai hasumiya da hubbarai uku na sarakunan Ƙarakhaniyawa, ginin jan bulo na ƙarni na 11 da na 12. A wannan gari ne aka tsare Imamu Sarakhsi fiye da shekara 10, saboda wata magana tasa da ba ta yi wa sarki daɗi ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a cikin rami aka ajiye shi, almajiransa suna zaune a baki yana yi musu shifta da ka, ba littafi a hannunsa. Abin da ya fito daga wannan rami shi ne Al-Mabsuɗ, wanda aka buga a Masar cikin juzu'i 30. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san cewa ƙasar Hanafawa muka shiga, domin maganar za ta dawo nan gaba.

Arsalanbob yana cikin lardin Jalalabad, a ƙirjin wani dutse da ake kira Babash-Ata. Garin kansa yana bisa tsayin wajen mita 1,600 daga teku, watau ya ɗara Jos nesa, shi kuwa dutsen da ke bayansa mita 4,427 ne, kusan ƙafa 14,500. Dutse mafi tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, sai mai karatu ya kwatanta. Mazauna garin yawancinsu Uzbekawa ne. Abin da ya fitar da sunansa a duniya kuwa shi ne dajin wani itace da Larabawa ke kira jauzu, wanda ake ƙiyasta faɗinsa da hekta 11,000, har ana cewa babu kamarsa girma a duniya. Itacen yana girma kamar maɗaci ko ɗorawa. Ɗansa yana da koren ɓawo kamar ɗanyen lemo, a ciki akwai ƙoƙo mai tauri, a cikin ƙoƙon kuma akwai ƙwaya mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar ƙwaƙwalwa, wadda ta fi gyaɗa maiƙo.

Mutanen garin suna da labarin asalin dajin. Wai wani bawan Allah aka aika neman wuri mafi kyau a bayan ƙasa, ya iso wannan kwari ya tarar da ruwa da ciyawa amma babu itace, sai aka ba shi jakar iri, ya hau kan dutse ya watsa, iska ta baza. Suna cewa shi ne Arsalan Baba, akwai ma hubbaren da ake danganta masa a garin, wasu har suna cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, shi ya aiko shi. Amma wannan Arsalan Baba shi ne kuma ake ce wa malamin Shaihu Ahmad Yasawi, wanda ya rasu a 1166, kuma akwai wani hubbaren nasa kusa da Otrar a Kazakistan. Tsakanin wafatin Manzo da rasuwar Yasawi akwai fiye da shekara 500. Labari ne na hira, ba shi da isnadi, kuma bai kamata a jingina shi ga Manzo ba.

Da safe aka kawo dawaki. Wallahi da na gan su sai da na yi dariya a ciki. Ƙananan ƙuraye ne masu gajerun ƙafafu da kaurin wuya da gashi buzu-buzu, irin waɗanda a gidan sarauta ko yaron barga ba zai yarda ya hau ranar salla ba. Na kuwa karanta cewa dawakin Fargana ne suka sa Sarkin Sin Wudi ya tura rundunar yaƙi a shekara ta 104 kafin Miladiyya, don kawai ya mallake su. Lalle ba irin waɗannan ya yi wa yaƙi ba. Dokin dutse na Kirgizawa tun asali ƙarami ne. A zamanin Sobiyet an yi ta haɗa shi da manyan dawakin Rasha da na Ingila don ya ƙara tsawo, har a 1954 aka ce an sami sabon iri, amma masu hawan dutse har yau ƙaramin suke nema.

Mu huɗu ne: ni, da abokina wanda shi ne tafinta tsakaninmu da Larabci, da mai dawakin, wani dattijo mai farin gemu wanda zan riƙa kira madugu, da jikansa saurayi. Dawaki shida, huɗu na hawa, biyu na kaya. Kayan su ne tanti biyu, da barguna, da tukunyar ƙarfe, da butar shayi, da shinkafa, da karas, da albasa, da mai, da gurasa mai yawa, da ɗan buhun sha'ir na dawaki, da igiyoyi. Madugu ya daɗe wajen ɗaurin kaya fiye da yadda na ga ya kamata. Sai ya ɗaga jakar dama, ya ɗaga ta hagu, ya cire albasa uku daga wannan ya mayar cikin waccan. Ya ce kayan da ya rinjaya gefe ɗaya kafin azahar ya fasa bayan doki, dokin da bayansa ya fashe a kan dutse kuwa mai shi ne zai ɗauki kayan. Kowane sirdi, ban da majayi, yana da wata igiya da ta zaga ƙirji, da wata da ta bi ta ƙarƙashin wutsiya, don kada ya zame baya a hawa ko ya zame gaba a gangara.

Linzaminsu kuwa ɗan ƙarfe ne mai sauƙi, ba irin namu mai zobe ba wanda in ka ja doki yake tsayawa cik ya zame. Ni da na saba da riƙon kamazuru a takure, ban yi nisa ba dokina, wani akawali mai farin goshi, ya fara kaɗa kai yana tuntuɓe. Madugu ya juyo ya yi magana, abokina ya fassara: "Malam, Baba ya ce ka sakar masa kai. Shi ya san hanyar nan, kai ba ka san ta ba." Na saki. Dokin ya sunkuyar da kai yana duban inda zai sa kofato, bai sake tuntuɓe ba har yamma.

Yinin farko duk cikin dajin muka yi shi. Tsakiyar watan Satumba ne, ganye ya fara ja. Inuwar jauzu mai duhu ce, tsakanin manyan itatuwan kuma akwai tuffa ta daji, da wasu 'ya'yan itatuwa jajaye da rawaya masu tsami waɗanda saurayin nan yake tsinkowa daga kan sirdi yana miƙo mini. Nan da can mukan wuce wata iyali ta kafa tanti ko rumfar leda, an girka murhu, an kawo kaji da saniya da shimfiɗar jariri. Dajin na gwamnati ne, hukumar gandun daji ke ba iyalai hayar yanki-yanki, in kaka ta zo sai su ƙaura daga gari su tare a yankinsu har su gama tsintar jauzu a watan Oktoba. Abin da suka samu a waɗannan makonni shi ne kuɗin tufafi da na aure da na gyaran gida a shekara.

Da la'asar sakaliya muka ya da zango a bakin wani rafi, a can saman dajin inda itatuwa suka fara sirancewa. A nan na ga tsarin da ya tuna mini labarin fataken Gwanja da kakanninmu ke ba mu, cewa ba wanda zai sa loma a baki sai an gama da dabbobi. An sauke kaya, an sassauta majayi, amma ba a cire sirdi nan take ba, kuma ba a bar doki ya sha ruwa ko ya ci ciyawa ba. Sai aka ɗaure kowanne da gajeriyar igiya, kansa a sama, aka bar su tsaye wajen awa biyu har gumi ya bushe. Na ce wannan ai mugunta ce. Madugu ya ce ruwan rafin nan daga ƙanƙara ya narko, dokin da ya sha shi da zafin jiki ciwon ciki zai kama shi, bayan da aka yaye wa sirdi yana jiƙe kuwa iskar dutse za ta buge shi ya kumbura. Sai da suka huce ya cire sirdi, ya bi bayan kowanne da tafin hannu yana neman kumburi, ya ɗaga kofatai ya cire tsakuwa, sa'an nan aka kai su ruwa. Daga nan aka sa wa biyar dabaibayi aka sake su. Nawa kuwa aka yi masa tarnaƙi, watau aka haɗa ƙafafun gaba biyu da ta baya ɗaya.

Da magariba ta yi na shimfiɗa darduma na ba faɗuwar rana baya, kamar yadda na saba tun ina yaro. Saurayin ya taɓa kafaɗata cikin ladabi ya ce, "Aka," watau yaya, ya nuna mini wajen da rana ta faɗi. Na manta ashe Makka tana yamma da mu ne, da ɗan karkatawa kudu. Bahaushen da ya saba kiran alƙibla gabas, har yana cewa mai salla ya duba gabas, sai ga shi yana salla yana fuskantar jan gari na magariba. Madugu ya ba mu salla. Na kuma lura cewa duk tsawon tafiyar ba su taɓa haɗa salla biyu ba, domin a mazhabarsu babu jam'i sai a Arfa da Muzdalifa, la'asar ɗinsu kuma sai inuwar abu ta ninka shi biyu. Ko muna tsakiyar hawa, in lokaci ya yi sai a nemi wuri mai faɗi a sauka.

Yanzu ga inda na yi abin kunya. Can cikin dare sanyi ya hana ni barci, ina jin dokina yana tsalle-tsalle da ƙyar a bayan tanti, yana nishi, sauran kuwa sun yi nisa suna kiwo. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, dabbar da ta ɗauke ni yini guda ba ta cancanci wannan ƙunci ba, kuma ai ni ma na san doki. Na fita da tocila na kwance igiyar ƙafar baya, na bar masa dabaibayin gaba kamar 'yan'uwansa, na koma na kwanta ina jin na yi aikin lada. Ban tambayi dalilin da ya sa shi kaɗai aka yi wa tarnaƙi ba.

Da asuba dawaki biyar ne. Madugu ya dubi igiyar da na rataye a bakin tanti, ya dube ni, bai ce kome ba. Abokina ne ya gaya mini cewa akawalin nan ya gwanance da tafiya da dabaibayi, yana haɗa ƙafafun gaba ya yi ta tsalle kamar zomo, ya sha kai kansa gida da tsakar dare. Muka bi sawunsa cikin raɓa, muka gangara wajen rabin awa. Bai kai gida ba. Ya tarar da wani fili da aka kewaye da shingen ƙaya, ya tura ya shiga, ya ci ƙoshinsa daga tarin busasshiyar ciyawar da mai wurin ya tanada don hunturu. Wannan mai sauƙi ne. A gefen filin akwai dashen jauzu a jere, kowanne bai wuce ƙuguna ba, kuma dokin da ke tsalle da ɗaurarrun ƙafafu ba ya zaɓen inda zai dira. Guda bakwai ya tattake.

Mai filin ya fito daga tantinsa, mutum ne da zai yi sa'an madugu, hannuwansa baƙi ƙirin da ruwan ɓawon jauzu. Ya tsuguna ya daɗe yana duban dashen ɗaya bayan ɗaya. Da ya miƙe sai ya yi mana sallama, ya ce mu zo mu sha shayi. A bisa shimfiɗa, bayan an gutsura gurasa, na roƙi abokina ya gaya masa cewa laifin nawa ne, kuma zan biya. Abokina, da yake malami ne, ya ce mini a mazhabar Abu Hanifa dabbar da ta ƙwace da kanta, babu mai kora babu mai ja, babu biya a kan mai ita, ko da dare ko da rana. Na ce a tamu mazhabar ta Maliku ɓarnar dare tana kan mai dabba, domin da dare aikinsa ne ya tsare ta, da rana ne tsaron gona yake kan mai gona. Haka muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid tun muna zaure, kuma malamai suna kafa hujja da ƙissar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a Suratul Anbiya, kan tumakin da suka shiga gona da dare. Balle ma wannan doki ba ƙwacewa ya yi ba, da hannuna na kwance shi. Muka ɗan ja maganar da Larabci, mu biyu, kamar muna ɗakin karatu.

Dattijon ya tambayi abin da muke cewa, aka fassara masa. Ya yi murmushi ya ce, "Ka tambayi baƙo, nawa ake sayar da shekara uku a kasuwarsu?" Shekarun dashen ke nan. Shi ya binne ƙwayar da hannunsa, ya yi shinge, ya yi ta ɗebo ruwa a rafi da bokiti lokacin zafi. Jauzun da aka shuka daga ƙwaya ba ya fara 'ya'ya sai ya yi wajen shekara goma, ba ya kuma cika haihuwa sai bayan haka da nisa. Ya ce shi bai sa ran ci ba, jikokinsa ya shuka wa. Ya ƙi karɓar kuɗi. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne mu gyara shingen. Muka yini rabi muna saran ƙaya muna kafawa, madugu kuma ya ɗaure biyu daga cikin dashen da tsinke da tsumma kamar yadda maɗori ke yi wa karaya. Da za mu tashi na tura kuɗi ƙarƙashin shimfiɗa ba tare da kowa ya gani ba.

Sai bayan wannan idona ya buɗe ga abin da na yini ina wucewa jiya ban gani ba. Dajin nan duk tsofaffin itatuwa ne. Ƙarƙashinsu fes yake kamar an share, babu ƙanana masu tasowa sai inda aka yi shinge. Dalilin a fili yake. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe ayyukan albashi suka ƙare, mutane suka mai da dabba ta zama asusunsu, shanu da tumaki da dawaki suka yawaita suna kiwo cikin dajin, suna cinye duk tsiron da ya leƙo. Inda dabba ba ta kai ba lauje ya kai, domin kowa yana yankan ciyawar hunturu. Ƙwayar da za ta faɗi ta tsira kuwa an tsince ta kaf an kai kasuwa. Ga masu saran itacen wuta, ga kuma waɗanda suka sassare manyan itatuwa don wani ƙullutu da ke fitowa a gindinsu, wanda ake sayarwa da tsada a ƙasashen waje don yin ado a kayan katako. Ba na zargin talakan da ke neman abin da zai ci. Amma a shekarar 2008 wasu masana daga ƙasar Suwizalan da abokan aikinsu sun buga sakamakon wani bincike, inda suka tono laka daga ƙasan tafkunan yankin suka duba ƙurar furen itatuwa da ta kwanta a ciki shekara da shekaru. Suka ce dajin jauzun bai wuce shekara 2,000 ba, a wurare da yawa ma wajen 1,000 ne, kuma ga alama mutane ne suka yaɗa shi. Akwai masanan da ba su gamsu ba. In dai haka ne, to labarin mai jakar iri, duk da rashin isnadinsa, ya riƙe wani abu na gaskiya, kuma ni na tattake bakwai daga aikin wanda ya gaje shi.

Rabin yinin da muka ɓata ya sa kwana huɗu ya zama biyar. Muka fita daga jauzu muka shiga yankin wani itace mai ƙamshi, gajere mai ganye kamar allura, da suke kira arca, daga nan kuma sai fili na ciyawa zalla, wanda Kirgizawa ke kira jailo, inda makiyaya ke kai dabbobinsu da bazara kamar yadda Fulaninmu ke tafiya mashekari. Madugu ya dubi gajimare ya ce ba za mu ƙetare ba yau. Muka sauka kusa da wata bukkar makiyaya, kewayayya, da aka yi da sanduna aka lulluɓe da bargon gashin tumaki. Su Kirgizawa ne, madugu Ba'uzbeke, kuma na san cewa a watan Yuni na 2010 an yi rikici tsakanin ƙabilun biyu a garuruwan kudancin ƙasar, aka kashe fiye da mutum 400. A nan sama dai na ga sun rungume juna, madugu ya sauke musu gishiri da shayi da ya ɗauko musu tun daga gari.

Uwar gidan ta kawo mini ƙwarya cike da kimiz, watau nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami. Ana tatsar goɗiya sau da yawa a yini, sai an fara kawo dukushinta ya ɗan tsotsa kafin ta saki nono, a zuba a salka ko gangar itace a yi ta bugawa da muciya. Ana ma cewa daga sunan wannan muciya aka samo sunan babban birninsu, Bishkek. Shi ne babban abin karrama baƙo a wurinsu. Ni kuwa na shiga tsaka mai wuya. A mashhurin mazhabarmu ba a cin naman doki, nono kuma yana bin hukuncin nama, ga shi tsamin nan yana da ɗan ƙarfi wanda in an sha da yawa yana iya juya kai. Abu Hanifa ya karhanta naman doki, almajiransa biyu Abu Yusufa da Muhammadu suka halatta, haka Shafi'i da Ahmadu, saboda haka ban ga mutanen da laifi ba. Na karɓa da hannu biyu na ce, "Inna, na gode, amma malamanmu sun hana mu," na miƙa wa madugu. Ta dube ni da tausayi kamar wanda aka ce yana da wata cuta, ta kawo mini kindirmon saniya da man shanu.

Kashegari muka hau mashigin dutsen, wanda ya haura mita 3,000. Babu ciyawa, sai tsakuwa mai zamewa da iska. Inda hawan ya yi tsanani muka sauka, saurayin ya nuna mini in kama wutsiyar dokina ya ja ni. Ni da na yi hawan salla da alkyabba, ga ni riƙe da wutsiyar ƙuru ina haki, bayan kowane taki ashirin sai na tsaya neman numfashi. Akawalin da na yi fushi da shi jiya, in ya ji na tsaya sai shi ma ya tsaya. Gangarar ta fi hawan ban tsoro. Hanyar ba ta fi faɗin darduma ba, hagu dutse, dama rami. Dokin yakan sa kofato ɗaya ya gwada, in tsakuwar ta motsa ya janye ya sake wuri.

A bayan mashigin ne tafkin yake, wanda suke kira Kol-Mazar, watau tafkin ziyara, ruwansa shuɗi, duwatsu sun kewaye shi. Mutane sukan zo da bazara su yanka rago su yi addu'a, wasu su ɗaura tsummoki a rassan itace. A zamanin Sobiyet, sa'ad da 'yan ƙalilan kawai ake bari su je Hajji a shekara daga dukan tarayyar, irin waɗannan wurare ne talakawa suka riƙe. Ɗaura tsumma a itace don neman biyan bukata ba shi da asali a shari'a, abokina ma ya faɗa wa madugu haka, suka ɗan yi musu. Ni dai na kama bakina, domin mai bashin dashe bakwai a wuyansa ba shi ne zai yi wa mutanen dutse wa'azi a makon nan ba. A daren nan ruwan da ke cikin buta ya daskare. Madugu ya tashi tun kafin asuba ya hura wuta ya ɗumama mana ruwan alwala, amma kafin wannan sai da ya zaga dawakinsa, ya kakkaɓe farar raɓar da ta daskare a bayansu, ya rataya wa kowanne jakar sha'ir a baki. Nawa yana nan da tarnaƙinsa, ni na ɗaura masa da hannuna, madugu ya zo ya duba ƙullin ya ƙara ja.

A rana ta biyar muka sake shiga dajin. Tsinta ta kankama, samari suna can ƙololuwar itatuwa ba igiya ba tsani suna girgiza rassa, jauzu yana zubowa kamar ƙanƙarar ruwan sama, mata da yara suna bi da buhuna. Na roƙi madugu mu ratsa ta filin dattijon nan. Biyun da aka ɗora suna tsaye da ganyensu, biyar ɗin sun bushe. Muka taya iyalinsa ɓare ɓawo har la'asar, ya cika mini wata 'yar jaka da jauzu ya ƙulle bakinta, ya ce in kai wa yara. Sai da na iso gida na kwance jakar, na tarar da kuɗina a ciki, a naɗe cikin tsumma, ko sisi bai taɓa ba. Baƙin ɓawon kuwa ya yi mako uku bai bar hannuna ba, har wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya ko a ƙasar da na je maza ma suna ƙunshi.